Ya Warke, Ko An Warkar da Shi? Tausa da Harshenta a Jugu da Paraku

Maƙera suna da sarkinsu, mahauta da wanzamai ma haka, amma ba a cika jin Sarkin Tausa ba. Tausa ba ta da mazauni guda a tsarin sana'o'in Bahaushe, ta rarrabu ne a hannaye da yawa. Wanzami yakan tausa wuyan wanda ya gama yi wa aski, maɗori yakan murza gaɓa kafin ya ɗaure ta, ungozoma tana gasa jikin mai jego da na jinjiri, yaro kuma yakan hau bayan kakansa ya tattaka. Kowannensu yana da aikatau ɗin da ya dace da hannunsa: shafa, murza, matsa, danna, gasa, ja. Ɗalibin da ya jera waɗannan kalmomi zai ga sun bambanta a nauyin hannu da zurfin shigarsa cikin tsoka. Wannan bambanci kansa ilimi ne, ko da ba a taɓa rubuta shi a allo ba.

Garuruwan Jugu da Paraku, waɗanda Faransawa suke rubutawa Djougou da Parakou, suna arewacin Jamhuriyar Benin, da tazarar kilomita 130 da ɗoriya a tsakaninsu. Dukansu zango ne a tsohuwar hanyar fatake da ta tashi daga Kano da Katsina, ta ratsa ƙasar Bargu, ta dangana da Salaga a Gwanja, inda ake saro goro. Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980, Mahdi Adamu kuma ya riga shi da nasa nazarin a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978. Ayari ba ya tafiya da goro da kanwa kaɗai. Akwai malami a ciki, akwai makaɗi, akwai wanzami da zabirarsa, domin mutumin da ya yi wata da watanni yana tafiya a ƙasa da kaya a ka dole jikinsa ya nemi hannu. Harshen kasuwa a garuruwan biyu Dendi ne, amma Hausa ba ta bar unguwannin zango ba. Yau manyan motoci ne suka gaji jakuna. Jirgin ƙasa ya iso Paraku a 1936 ya tsaya nan, saboda haka garin ya zama wurin sauke kaya da lodinsu zuwa Nijar. Direba da ɗan dako da mai tallar da ke zagaya kasuwar Arzeke, duk sun gaji ciwon bayan da fatake suka bari.

A zangon Jugu akwai wata dattijuwa, 'yar gidan wanzamai, wadda ta haura shekara 40 tana aikin ungozoma da tausa. Ba ta karanta boko ba. Kayan aikinta man kaɗanya ne, wanda ƙasar ke da shi a wadace, da tsumma, da ruwan zafi, da manyan yatsunta biyu. Jikarta mace tana karatun aikin jinya a Paraku, takan zo gida hutu. Wanda ya san al'adar Bahaushe ya san cewa jika mace kishiyar kakarta ce a wasa, kuma wannan wasa yana da amfanin da manazarta ba su cika kula da shi ba. 'Ya ba za ta dubi idon uwarta ta ce mata ta yi kuskure ba, balle suruka. Jika kuwa an ba ta lasisi. Tana iya faɗin magana mai nauyi a cikin raha, a yi dariya, maganar kuma ta zauna.

Gardamarsu ta farko a kan nahawu aka yi ta, ko da yake ba su san haka ba. Tsohuwar tana ba da labarin wata mai sayar da koko da ta zo da ciwon ƙugu, ta tausa ta sau uku, ta miƙe. Sai jikar ta ce: "Kaka, warkewa ta yi, ko ke kika warkar da ita?"

"Ji min kishiya da neman magana. Mene ne bambancin?"

Bambancin shi ne wanda F. W. Parsons ya tsara a 1960, lokacin da ya karkasa aikatau na Hausa zuwa giredi-giredi. Warke yana giredi na 4, abin ya auku ne ga mai ciwon, ba a ambaci wanda ya jawo shi ba. Warkar yana giredi na 5, yana ɗauke da mai aiki da abin da aka yi wa aikin. Wanda ya ce "ta warke bayan tausa" ya ba da labarin abubuwa biyu da suka biyo juna. Wanda ya ce "tausa ta warkar da ita" ya yi da'awar sanadi, kuma da'awa tana neman shaida. Harshen ya raba su tsaf da ɗan ƙaramin ɗafa-ƙeya, masu magana ne suke haɗe su. Akasarin ciwon baya da ya zo farat ɗaya yakan yi sauƙi da kansa cikin mako 6, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Bugu da ƙari, mutum ba ya neman mai tausa ranar da ciwon ya lafa, sai ranar da ya fi tsananta. Ciwon da ke hawa da sauka, in ya kai ƙololuwa, abin da ya fi yiwuwa ya biyo baya shi ne sauka. Masana lissafi suna danganta bayanin wannan ɗabi'a ta komawa tsakatsaki ga Francis Galton, a 1886. Bahaushe kuwa ya daɗe da cewa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai kuma matsalar ƙidaya. Wadda ta ji daɗi takan dawo da goro da godiya. Wadda ba ta ji ba, kunya ba za ta bar ta ta dawo ta faɗa ba, sai ta zarce wurin wani. Saboda haka ƙwaƙwalwar mai tausa, komai gaskiyarsa, cike take da waɗanda suka dawo. Wannan ba aibin tsofaffi ba ne kaɗai. Likitan da ba ya rubuta sakamakon marasa lafiyarsa yana cikin ramin nan tsundum.

Hanyar fita daga ramin tsohuwa ce, kuma ba daga Turai ta fara ba. Abubakar al-Razi, likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya ba da labarin yadda ya raba masu alamun kumburin ƙwaƙwalwa gida biyu, ya fitar wa kashi ɗaya jini, ya bar ɗaya kashin da gangan domin ya kwatanta. Hukuncin da ya yanke, cewa fitar da jinin ya yi amfani, likitancin yau bai karɓe shi ba. Dabarar kwatantawar ce ta rayu. James Lind ya yi irinta a 1747 da matuƙa jirgin ruwa 12.

To, da aka auna tausa da wannan ma'auni, me aka samu? Ba a same ta fanko ba. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum sama da 3,000 masu ciwon ƙasan baya. Sakamakon ya nuna tausa tana rage ciwo na ɗan lokaci, illarta kaɗan ce, amma shaidar ba ta da ƙarfi, kuma ba a ga tabbacin amfani mai ɗorewa ba. Akwai bayani mai ma'ana a kan wannan sauƙi. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka, na farkon yana iya rage ƙarfin na biyun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yaron da ya buge goshi yake murza wurin ba tare da an koya masa ba. A ƙara da natsuwa, da barci, da samun wanda zai saurari kukan mutum na rabin awa. Ɗan dakon da ya samu barcin dare ɗaya ya fita aiki da safe bai yi asarar kuɗinsa ba. Ibn Sina ma ya ware wa tausa fasali a cikin Alƙanun, wanda ya kammala a 1025, ya bambanta mai ƙarfi da mai taushi, mai yawa da 'yar kaɗan. Abin da shaidar ba ta goyi baya ba shi ne dogon jerin da ake rubutawa a allunan bakin titi, inda tausa ɗaya za ta kori hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa.

A nan ya dace a yi wa tsohuwar adalci. Jikar ma ta zo da nata tatsuniyoyin, sai dai nata suna sanye da rigar Faransanci. Ta taɓa gaya wa kakarta cewa tausa tana fitar da guba daga tsoka, wai wani sinadari ne mai suna laktik yake taruwa bayan wahala ya jawo tsamin jiki. Tsohuwar ta ce: "Ta ina gubar take fita? Shekara arba'in ban gan ta a tafin hannuna ba." Tambayar tana da kyau. Sinadarin yakan bar jini da kansa cikin kamar awa guda bayan an daina motsi, tsamin jiki kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai maƙura, don haka ba shi ne sanadi ba. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Queen's ta Kanada, aka buga a 2010, ya nuna tausa nan take bayan motsa jiki ba ta gaggauta fitarsa, tana ma ɗan rage gudun jinin da ke kwashe shi. Tsakanin mataccen jinin da mai ƙaho yake nunawa da gubar da ɗakunan tausa na zamani suke tallatawa, babu wani nisa. Jinin ƙaho ya yi duhu ne don ya fito daga ƙananan magudanai ya daskare a waje, ba don ya mutu a jiki ba.

Inda maganar ta daina zama wasa shi ne a kan kalmar jijiya. Kalma ɗaya ce a Hausa, amma tana ɗauke da aƙalla abubuwa huɗu da likitanci ya rarrabe: wadda ke kai jini daga zuciya, wadda ke mayar da shi, wadda ke kai saƙon ji da motsi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara. Babu laifi ga harshe a kan haka, kowane harshe yana da wuraren da ya dunƙule. Mahauci ya san bambancinsu da wuƙarsa. Amma idan aka ce "ciwon jijiya ne", aka tsaya nan, an rufe ƙofar tambaya ta gaba, wato wace jijiya? Ɗaya tana son a murza ta, ɗaya ba ta damu ba, ɗaya kuma murzar tana iya zama ajali.

A wani hutu aka aiko kiran tsohuwar gidan wata mai jego da ta haihu kwana 10. Ƙafarta ta hagu ta kumbura daga sharaɓa, tana zafi, taka ta sai da cije baki. Matan gida sun riga sun yanke hukunci: sanyin jego ne ya shige ta, jijiya ta ɗaure, a gasa a murza. An ɗora ruwa, an kawo man kaɗanya. Jikar, wadda ta bi kakarta riƙe da kwano, ta dubi ƙafafun biyu ta ce a dakata. Ta aiki yaro gidan tela ya aro tef ɗin awo. Ta auna sharaɓar dama, ta auna ta hagu a daidai wuri ɗaya, ɗan ƙasa da gwiwa. Ta hagu ta fi da santimita 4.

Ba ita ta ƙirƙiri awon ba. Yana cikin alamomin da likitan Kanada Philip Wells da abokan aikinsa suka tsara a shekarun 1990 domin gane gudan jini a jijiya mai zurfi ta ƙafa: idan sharaɓa ɗaya ta fi 'yar'uwarta da sama da santimita 3, abin lura ne. Jinin mai ciki da mai jego ya fi saurin daskarewa, hikima ce ta halitta da ke kare ta daga zubar jini, amma tana da farashi, musamman a mako 6 na farko bayan haihuwa, kuma ƙafar hagu ta fi kamuwa. Doguwar kwanciya tana ƙara haɗarin, haka ma dogon zama, irin na wanda ya shiga mota daga Kwatano zuwa Paraku, tafiyar kilomita sama da 400, ƙafa a naɗe. Idan gudan ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya ratsa zuciya ya toshe hanyar huhu. Numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, wani lokaci cikin mintoci an gama.

"Kaka, wannan ba taki ba ce," in ji jikar. A wannan karon babu raha a muryarta.

"Yau kuma ni za ki koya wa jego? Uwarki ma a hannuna ta yi nata."

"Na sani. Amma dubi ƙafar. Me ya sa sanyin ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, alhali ruwa ɗaya suka shiga?"

Tsohuwar ta yi shiru. Ta ɗora bayan hannunta a kan sharaɓar dama, ta mayar kan ta hagu, ta ji bambancin ɗumi. Sannan ta rufe kwanon man. Ta ce wa uwar mijin: "Yaya, a kira maigidan, a nemo mota."

Ba a rabu cikin daɗi ba. Maigidan ɗan kabu-kabu ne, ya gama kashe abin da ya tara a hidimar suna, ga shi ana maganar hoto da allura. Uwar mijin ta ce ba a fitar da mai jego kafin arba'in. Wata maƙwabciya ta yi gunagunin cewa tsufa ya fara cin ungozoma, har jika ke juya ta. Wannan gunaguni ba ƙaramin abu ba ne ga wadda jarinta kaf shi ne yardar mutane. Duk wanda ke kiran masu maganin gargajiya su riƙa tura marasa lafiya asibiti ya kamata ya san abin da yake nema daga gare su: su bar kuɗin ranar, su kuma furta a gaban jama'a cewa akwai abin da ya fi ƙarfinsu. An dai kai ta. Na'urar hoto ta nuna gudan jinin, aka sa ta a kan maganin tsinka jini na watanni.

Ba daidai ba ne a ce da an murza ƙafar da lalle ta mutu. Wannan ma da'awar giredi na 5 ce. Babu wanda zai yi gwajin murza irin wannan ƙafa don ya ƙidaya gawa, shaidar da ake da ita rahotannin ɗaiɗaikun mutane ce da sanin yadda jini yake gudana. Amma hukunci ba ya jiran tabbas idan ribar kaɗan ce, hasarar kuma rai ne. Ko da gudan bai motsa ba, kwana ukun da za a yi ana gashi kwana uku ne da aka hana ta magani.

Bayan 'yan kwanaki tsohuwar ta tuna wata mai jego, shekaru da dama da suka wuce, wadda ita ma ƙafarta ta kumbura, aka yi ta gashi, rannan da asuba ta ce ƙirjinta, kafin a kira kowa ta cika. An ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, mai imani ba ya jayayya da wannan. Sai dai faɗin haka amsa ce ga tambayar yaushe, ba ta hana a tambayi ta yaya ba. Murray Last, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya buga wata maƙala a 1981 a kan yadda rashin sani, da rashin son a sani, yake da gurbinsa a harkar magani a ƙasar Hausa. Wani lokaci barin tambaya rahama ce ga masu makoki. Ga mai sana'a kuwa, wadda wata ƙafar za ta sake zuwa hannunta, rahamar tana da tsada.

Irin wannan tambaya ce likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi a Zariya, suka buga sakamakonta a 1978 bayan bin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego. Sun danganta yawaitar abin da kunun kanwa mai yawa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta, musamman a watannin zafi. Ba su ce al'adar ba ta da dalili ba. Sun nuna inda ta wuce kima.

Ƙanen tsohuwar maɗori ne, kuma shi gardamar ba ta shige shi da sauƙi ba. Yana da hujja: karaya da yawa sun haɗe a hannunsa, kuɗinsa bai kai na asibiti ba, kuma yana zuwa har gida. Gaskiya ne, ƙashi yana haɗewa idan aka daidaita shi aka hana shi motsi. Haɗarin yana cikin ɗaurin. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura, idan karare da tsumma suka matse ta, jini ya daina isa tsoka, cikin awa 6 ko makamancin haka ta fara mutuwa. Richard von Volkmann ya bayyana ƙandarewar hannu da ke biyo bayan wannan tun 1881, kuma likitocin ƙashi a Nijeriya sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan yaran da aka yanke wa hannu ta wannan hanya. Jikar ba ta nemi ya bar sana'a ba. Abu ɗaya ta roƙa, ya bar yatsu a waje, ya danna farce ya saki. Idan jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsun suka yi sanyi, ko yaro ya yi ihu in an miƙe su, a kwance ɗaurin nan take. Ya ce zai duba. A bakin dattijo, "zan duba" tana iya nufin i, tana iya nufin tashi ki ba ni wuri.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa kayan aikin wannan tantancewa duk suna cikin harshen. Wai tana nisanta mai magana daga abin da bai gani ba. An ce tana ɓoye mai faɗa, don haka tana gayyatar tambayar in ji wa. Ƙila da mai yiwuwa da lalle da tabbas matakala ce ta ƙarfin yaƙini. Ashe kuwa kalma ce ta wanda shaida ta sauya wa ra'ayi, kuma ba kowane harshe ne yake da irinta a dunƙule ba. Ita tsohuwar ta furta da aka dawo da sakamakon hoto: "Ashe jini ne."

Yanzu akwai tef ɗin tela a cikin kwanon man kaɗanyarta. Kafin ta taɓa baya takan tambaya ko akwai zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, domin jikar ta gaya mata tarin tibi yana cin ƙashin baya. Takan tambaya ko fitsari yana kufcewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, domin wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Yaron da gaɓoɓinsa ke ciwo, idonsa ya yi rawaya, takan tambayi uwarsa ko an taɓa gwada shi sikila. Kunun kanwa dai ba ta daina ba, ta ce ta rage hannu ne kawai, kuma a kan wannan ita da kishiyarta suna nan suna ja.